Taurin mama bayan dashen silikon: tambayoyi da amsoshi kan magungunan da ake gwadawa

Mace ta yi aikin mama, ko dai an sake gina shi bayan an cire saboda sankara, ko kuma an ƙara masa girma. Wata takwas ko shekara guda komai lafiya lau, sai ranar nan tana wanka ta ji ɗaya ya fi ɗan'uwansa tauri, ya kuma ɗan haura sama. A Legas mai ba da shawara ba ya wuyar samu. Ƙawa za ta faɗi sunan ƙwaya, mai kemis zai miƙo ta ba tare da takardar likita ba, wadda aka yi wa aiki a Turkiyya ko Masar kuma ta dawo da leda cike da magungunan da ba a yi mata bayaninsu ba. Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan'uwa mata daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende suka fi yi. Mun rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali domin ki gane su idan kin gani.

Mene ne yake sa maman ya yi tauri?

Duk abin da aka sa a jikin ɗan Adam wanda ba nasa ba ne, jiki yakan kewaye shi da tantanin tabo, ko ƙarfen ɗori ne, ko batirin zuciya, ko silikon. Likitoci suna kiran wannan tantani kafsul. Kowace mace mai dashe tana da shi, kuma a wurin yawancinsu siriri ne, mai laushi, ba a ma san da zamansa ba.

Matsala tana zuwa ne idan kumburin cikin wurin ya ƙi lafawa. Ƙwayoyin jiki masu saƙa tabo sai su ci gaba da zuba zaren da ake kira kolajin, wasunsu kuma su rikiɗe su zama masu ja kamar tsoka. Tantanin ya yi kauri, ya tsuke, ya matse silikon ɗin ta ko'ina. Abu mai laushi idan aka matse shi daga kowane ɓangare dunƙulewa yake yi, shi ya sa maman yake komawa kamar ƙwallo ya ɗaga sama. Silikon ɗin kansa yana nan da laushinsa, kuben da ya rufe shi ne ya ƙanƙance.

Abubuwan da aka san suna ƙara haɗarin su ne taruwar jini ko ruwa a wurin bayan tiyata, ƙwayoyin bakteriya da suka manne wa silikon, fashewar silikon, ajiye shi a saman tsokar ƙirji maimakon ƙarƙashinta, da gashin na'ura da ake yi wa masu sankara. Wannan na ƙarshe ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba.

Yaya ake auna tsananinsa?

Da ma'aunin Baker, mai hawa 4. A hawa na 1 mama yana da laushi, kamanninsa daidai. A na 2 akwai ɗan tauri idan an taɓa, amma ido ba ya gani. A na 3 ya yi tauri kuma siffarsa ta sauya. A na 4 ga tauri, ga karkacewa, ga ciwo, har kwanciya ta wannan gefen ta gagara. Hannun likita ne ke yin wannan awo, don haka likitoci biyu suna iya saɓawa tsakanin 2 da 3. Ki riƙe wannan, domin da wannan ma'aunin aka yi yawancin binciken magungunan da za mu ambata.

A binciken da kamfanonin silikon suka bi mata har shekara 10, tsakanin mace 1 cikin 10 zuwa 1 cikin 5 na waɗanda aka ƙara wa girma sun kai hawa na 3 ko na 4. Adadin ya fi haka a cikin waɗanda aka sake gina wa mama bayan sankara.

Akwai maganin da hukuma ta amince da shi don wannan matsalar?

Babu ko ɗaya. Duk magungunan da za ki ji an ambata an yi musu rajista ne don wata cuta dabam: asma, tabon huhu, hawan jini, sankara. Likita yana da damar rubuta magani don abin da ba a yi masa rajista ba idan yana da hujja, kuma wannan ba laifi ba ne, amma wajibi ne ya gaya miki a fili cewa haka abin yake, ya faɗi illolin, ya kuma tsara yadda zai riƙa duba ki. Lambar NAFDAC da ke jikin kwali tana nuna an yi wa maganin rajista a Najeriya. Ba ta nuna cewa yana hana taurin mama.

An ba ni montelukast bayan aiki, alhali ba ni da asma. Me ya haɗa su?

Montelukast, wanda aka fi sani da sunan Singulair, da ɗan'uwansa zafirlukast, wato Accolate, suna toshe wasu sinadaran kumburi da jiki ke fitarwa masu suna lukotirin. A huhun mai asma waɗannan sinadarai ne ke kumbura hanyar iska su tsuke ta. Tun farkon shekarun 2000 wasu likitocin gyaran jiki a Amurka suka yi tunanin cewa abin da ke sassauta hanyar iska zai iya sassauta tantanin da ke kewaye da silikon, suka fara ba wa mata, suka kuma ba da rahoton cewa wasu sun samu laushi.

Daga lokacin zuwa yau waɗannan biyun su ne aka fi gwadawa a jikin mutane. Adadin da aka saba amfani da shi a binciken shi ne montelukast miligiram 10 sau ɗaya a rana, ko zafirlukast miligiram 20 sau biyu a rana, na kimanin wata 3, wani lokaci har 6. Idan aka haɗa sakamakon wuri guda ana ganin alamar amfani, musamman ga taurin da bai daɗe da farawa ba kuma bai wuce hawa na 2 ba.

Sai dai hujjar tana da rauni ta fuskoki da dama. Matan da aka gwada a kansu ba su da yawa. A mafi yawan binciken ba a jefa ƙuri'a wajen raba masu shan magani da marasa sha ba, ba a kuma ba wa ɗaya rukunin ƙwayar da babu komai a cikinta ba. Sau da yawa likitan da ya rubuta maganin shi ne ya taɓa maman ya ce ya yi laushi, kuma zuciya tana son abin da ta shuka ya tsiro. An kuma daina bin matan da wuri, alhali taurin yana iya bayyana bayan shekaru. A ganinmu montelukast abu ne da likita zai iya gwadawa na ɗan lokaci ga macen da taurinta ke farawa, bayan ya duba ya tabbatar babu wata matsala a ƙasa. Ga maman da ya riga ya zama kamar dutse shekara biyu, ɓata lokaci ne da kuɗi.

To, tunda ana sayar da shi a kemis, ba zan iya gwadawa da kaina ba?

Don Allah kada ki yi. A watan Maris na 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa wa montelukast gargaɗi mafi tsanani da take sa wa magani, saboda illarsa ga tunani da ɗabi'a: munanan mafarkai, rashin barci, saurin fushi, fargaba, baƙin ciki mai nauyi, har da tunanin kashe kai. Ba kowa ke samun wannan ba, amma yana faruwa ga wanda bai taɓa samun matsalar ƙwaƙwalwa ba. Macen da ta fito daga jinyar sankara da ma zuciyarta a raunane take, kuma idan ta fara kuka babu dalili ko ta kasa barci, 'yan gida za su ce damuwa ce ko iska, babu mai tuna ƙwayar da take haɗiya kowane dare. Idan likita ya ba ki, ki gaya wa maigida ko wata 'yar'uwa da kuke kwana gida ɗaya, su sa miki ido. Da zarar halinki ya sauya, ki dakatar ki kira likita a ranar.

Wani abin lura: a kemis ana yawan samun montelukast haɗe da levocetirizine, maganin mura da ƙaiƙayi mai sa barci. Wannan haɗin dabam yake da abin da aka gwada.

Zafirlukast fa? Na ji an ce ya fi ƙarfi.

Haɗarinsa a hanta yake. An samu waɗanda hantarsu ta lalace gaba ɗaya a kansa, wasu sai da aka yi musu dashen hanta, wasu suka rasu, kuma takardar maganin kanta ta nuna yawancin waɗanda abin ya shafa mata ne. Ba abu ne mai yawan faruwa ba, amma ki auna: ana shan wannan kasada ne don laushin mama, ba don ceton rai ba.

A ƙasarmu akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan. Ciwon hanta nau'in B ya yaɗu ƙwarai, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Ga kuma jiƙe-jiƙe, da kayan mata, da agbo da ake yawo da shi a robobi a bakin titi, da farasitamol da ake sha kamar gyaɗa, duk hanta ce ke ɗaukar nauyinsu. Idan har za a ba ki zafirlukast, a fara da gwajin aikin hanta da na ciwon hanta B da C, a maimaita gwajin aikin hantar bayan 'yan makonni, a ci gaba har a gama. Alamomin da za su sa ki tsaya nan take: tashin zuciya, kasala mai yawa, ƙaiƙayin jiki, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko farin ido ya koma ruwan ɗorawa irin na shawara.

Ana shan sa ne awa 1 kafin abinci ko awa 2 bayan abinci, domin abinci yana rage yawan da ke shiga jini da kusan kashi 40 cikin 100. Yana ƙara ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini, har jini ya iya ɓallewa. Mai shayarwa ba ta shan sa.

Yaya za a yi da azumi?

Montelukast sau ɗaya ne da dare kuma bai damu da abinci ba, don haka ba ya karo da azumi. Zafirlukast sau biyu ne, kowanne a cikin da babu abinci, kuma tsakanin buɗa-baki da sahur da wuya a samu wannan tazarar. Ki tayar da maganar kafin watan ya kama, likita ya jinkirta ko ya sauya.

Wani likita ya ambaci pirfenidone. Shi kuma mene ne?

Magani ne na cutar da ke mayar da huhu tabo, FDA ta amince da shi don wannan a 2014. Yana danne sinadarin da ke umartar ƙwayoyin jiki su saƙa tabo, don haka a tunani ya fi montelukast kusa da tushen matsalar. An gwada shi a ɓeraye, sannan a wani ƙaramin gwaji a Meziko aka ba wa mata masu tauri miligiram 1,800 a rana na wata 6, aka ba da rahoton samun sauƙi. Gwajin ƙarami ne kuma kowa ya san abin da ake sha. Maganin yana da tsada, yana tayar da zuciya, yana kashe sha'awar abinci, yana taɓa hanta, kuma yana sa fata ta ƙone da 'yar rana kaɗan. Macen da take tsayuwa a kasuwar Mile 12 ko take jiran mota a Oshodi da tsakar rana sai ta yi tunani sau biyu.

Allurar sitiroyid a cikin maman tana aiki?

Sitiroyid irin su triamcinolone suna kashe kumburi suna kuma narkar da tabo, shi ya sa ake yi wa tabon da ya tashi a fata allurarsu. Tun shekarun 1970 likitoci suka gwada zuba su a aljihun da ake sa silikon. Abin da ya biyo baya ya koya musu darasi: maganin yakan gangara ya taru a ƙasan aljihun, fatar wurin ta yi siriri ta yi shuɗi-shuɗi, silikon ya zazzago, wani lokaci ya huda fata ya leƙo waje. Yana kuma hana rauni warkewa da ba ƙwayoyin cuta dama.

A baya-bayan nan an gwada yin allurar a gefen tantanin ana kallon tsinin allura ta na'urar sikanin, kuma an samu rahoton raguwar ciwo da kauri a mata kaɗan. Aikin ƙwararre ne a asibiti. Allurar da aka soka a makance tana iya huda silikon ko ta kai bakteriya inda jini ba ya isa ya kore su. Duk wanda ya ce zai zo gida ko shagon gyaran jiki ya yi miki allura a mama mai dashe, ki guje shi.

Bitamin E, man kifi, da facin diclofenac fa?

Bitamin E an daɗe ana ba da shi, amma babu ingantaccen binciken da ya nuna yana hana tauri, kuma mai yawa yana sa jini ya ƙi tsayawa, jinin da ya taru kuwa shi kansa sanadin tauri ne. Shi ya sa likitoci ke cewa a daina shi kimanin mako 2 kafin tiyata. Man kifi a dabbobi aka fi gwada shi. Facin diclofenac da ake mannawa a fata ya fito a wani ɗan rahoto daga Faransa wanda ba shi da rukunin kwatantawa. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ta yi hattara da duk dangin diclofenac.

Ina karanta cewa an gano Botox (allurar da ke sassauta tsoka), tamoxifen da maganin hawan jini suna hana shi. Gaskiya ne?

A ɓeraye da zomaye, e. Jerin ma ya fi haka tsawo: simvastatin na rage kitsen jini, enalapril da losartan na hawan jini, magungunan sankara irin su mitomycin, da silikon da aka shafe da maganin bakteriya ko na hana tabo don ya riƙa saki a hankali. Akwai kuma kolajines, sinadarin da ke cinye kolajin, wanda aka amince da shi a Amurka a 2010 don yatsun da suka ƙandare. Yana narkar da tantanin da aka ciro daga jikin mata a ɗakin bincike, amma a jikin dabba an ga yana iya cin fata ya haddasa zubar jini, domin bai san kolajin tabo da na lafiyayyar fata ba.

Ga abin da kanun labarai ba sa faɗa. Ana sa wa ɓera ɗan guntun silikon a gadon baya, bayan 'yan makonni a cire a auna kaurin tantanin a madubin ƙara girma. Ɓera ba shi da bututun nono mai ɗauke da bakteriya a kusa da dashen, ba ya ɗaukar nauyin giram 300 ko 400 shekara goma, kuma tantaninsa ba ya tsukewa irin na mace. Raguwar kauri a ɓera dalili ne na ci gaba da bincike, iyakarsa ke nan.

Idan kina shan tamoxifen don sankara, ki ci gaba yadda likitan sankara ya tsara. Wadda ba ta da sankara ba ta da dalilin shan sa, domin yana iya kawo daskarewar jini a jijiya da sankarar mahaifa. Enalapril da losartan kuwa suna illata ɗan tayi.

To me ya fi tasiri a cikin duk waɗannan?

Abin da ake yi a ɗakin tiyata cikin awa ɗaya ko biyu ɗin nan. Ki duba cikin randa ko jarkar da ruwa ya kwana biyu: akwai santsin da ke kama bango, wanda ɗauraya ba ta fitar da shi sai an sa soso. Haka bakteriyar fata da ta bututun nono suke yi a jikin silikon. Suna mannewa su lulluɓe kansu da yauƙi, maganin da ke yawo a jini ba ya ratsa su, ba sa kawo zazzaɓi ko mugunya, sai dai su riƙa tsokanar jiki a hankali har tantanin ya yi kauri. Hana su shiga tun farko ya fi korarsu sauƙi.

Don haka ƙwararrun likitoci suke bin matakai. Ana ba da maganin bakteriya ta jijiya cikin awa 1 kafin yanka. Ana rufe kan nono da leda mai mannewa. Ana fifita yanka ta lanƙwasar ƙasan mama a kan ta gefen kan nono, saboda ta nan ba a ratsa bututun nono. Ana tsayar da kowane ɗigon jini. Ba a buɗe kwalin silikon sai lokacin sa shi ya yi, likita ya sauya safar hannu, ya zura shi ta mazurarin leda don kada ya gogi fata. Inda ya dace, ana sa shi ƙarƙashin tsokar ƙirji.

Sannan ana wanke aljihun. Haɗin magungunan bakteriya da ya yi suna shi ne cefazolin giram 1, gentamicin miligiram 80, da bacitracin yunit 50,000 a cikin mililita 500 na ruwan gishirin asibiti. Bayan da FDA ta nemi a janye bacitracin na allura daga kasuwa a 2020, da yawa suka koma Betadine, ruwan aidin na wanke rauni, ko dai a surka shi rabi da rabi da ruwan gishiri, ko a haɗa shi da sauran biyun. Shi Betadine ɗin a 2000 an hana ya taɓa silikon don tsoron zai lalata ɓawonsa, aka ɗage hanin a 2017. Ko wannan wankin ma likitoci ba su gama yarda a kan wane haɗi ya fi ba, amma haɗarinsa kaɗan ne idan aka gwada da ƙwayar wata shida. Ki gaya wa likita tun kafin ranar aiki idan jikinki ba ya karɓar aidin ko dangin fenisilin.

Idan na ci gaba da shan maganin bakteriya na wata guda bayan aiki, zai taimaka?

A'a. Ba a nuna cewa tsawaita shi yana rage tauri ba. Abin da yake jawowa gudawa, ƙaiƙayin gaba, da bakteriyar da ta daina jin magani. Ki sha abin da aka rubuta, na kwanakin da aka rubuta.

Jikina yana yin tabo mai tashi. Ke nan zan samu taurin?

Tabon da ke tashi ya kumbura, kamar wanda ke fitowa bayan hujin kunne, ya fi yawa a baƙar fata, kuma a fata yake. Samunsa ba hukunci ba ne cewa tantanin ciki zai tsuke. Ki nuna wa likita tun kafin aiki don ya zaɓi wurin yanka ya kuma tanadi abin da za a shafa. Man tabo da facin silikon na fata suna aiki ne a kan layin ɗinki kawai, ba sa kaiwa ciki.

Tausa da gashi da ruwan zafi fa, kamar yadda iyaye ke cewa?

Tausa wasu likitoci suna koyar da ita ga masu silikon mai santsi, ko da yake hujjar amfaninta ba ta da ƙarfi. Mai silikon mai kaushi ko mai siffar ɗigon ruwa ba a so ta yi, don kada ya juya. Matse mama da ƙarfi don a fasa tantanin tsohuwar dabara ce da aka bari, saboda tana fasa silikon da jijiyoyin jini.

Gashi da tawul da ruwan zafi kuwa muna roƙon a bar shi gaba ɗaya. Fatar da aka yi wa tiyatar cire mama, ballantana wadda aka gasa da na'ura, ba ta jin zafi kamar da. Mace tana iya ɗora tsumma mai tururi ba ta ji komai ba, washegari ta ga bororo, bororon ya zama gyambo, gyambon ya kai ga silikon, daga nan sai cirewa. Haka man zafi da duk haɗin gyaran nono da ake tallatawa. Taba da shisha su ma suna rage jinin da ke zuwa fatar.

Me ya sa kuke nanata a duba kafin a sha komai?

Saboda ba kowane tauri ne tsukewar tantani ba. Yana iya zama silikon ya fashe, ko ruwa ya taru, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko sankara ta dawo. Akwai kuma wata sankarar garkuwar jiki da ba ta da yawa, mai tsirowa a cikin tantanin kansa, wadda aka danganta da silikon mai kaushi. Saboda ita aka janye silikon samfurin Biocell na kamfanin Allergan daga kasuwannin duniya a Yulin 2019. Alamarta mafi yawa ita ce mama ɗaya ya kumbura farat ɗaya da ruwa, fiye da shekara guda bayan aiki, galibi bayan shekara 8 zuwa 10. A nan ana yin sikanin, a zuƙo ruwan, a aika ɗakin gwaji a nemi alamar wannan sankarar mai suna CD30. Idan an kama ta da wuri, cire silikon da tantaninsa gaba ɗaya yakan wadatar. Wata uku da aka ɓata ana haɗiyar montelukast wata uku ne da aka ba ta.

Ko babu wata alama, shawarar FDA ga masu silikon ita ce a yi sikanin ko MRI bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3.

Idan ya kai hawa na 3 ko na 4, mene ne mafita?

Tiyata. Ana cire tantanin duka ko wani ɓangarensa, a sa sabon silikon, domin tsohon yana ɗauke da yauƙin bakteriya, a kuma sauya masa aljihu idan zai yiwu. Wasu likitoci suna shimfiɗa wata fata da aka wanke daga ƙwayoyinta don ta katse da'irar tabon, amma tana da tsada, kuma wadda ake yi daga alade tana cikin kasuwa, saboda haka Musulma ta tambayi asalin wadda za a sa mata. Taurin yana iya dawowa, kuma wadda ta taɓa yi ta fi kusa da sake yi. A irin wannan lokacin ne wasu likitoci ke ba da montelukast bayan aikin gyara.

Ga macen da aka yi wa gashin na'ura kuma abin ya dawo sau biyu, sau da yawa ya fi a bar silikon a gina maman da naman jikinta, daga mara ko daga baya. Cire shi gaba ɗaya a zauna haka shi ma zaɓi ne mai mutunci.

An ce in shiga gwajin sabon magani. Ta yaya zan san na gaskiya ne?

Mutanenmu ba su manta da gwajin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma tsoron da ya bari yana da dalili. Gwaji na gaskiya a yau yana da izinin NAFDAC da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike mai rajista da kwamitin ƙasa, NHREC. Ki nemi ganin takardun biyu da lambar rajistar gwajin. Za a ba ki takardar yarda mai bayyana illoli, da wanda zai ɗauki nauyin jinya idan an samu matsala, da 'yancinki na fita duk lokacin da kika so ba tare da an daina kula da ke ba. Idan Turancin ya yi miki nauyi, ki ce a fassara miki da Hausa, ki kai ta gida ki karanta da wanda kika amince da shi. Wanda ya ce ki biya kuɗi mai yawa don allurar gwaji da babu takarda, kasuwanci yake yi da jikinki.

Ina zan je a Legas, kuma da me zan tafi?

Asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, da asibitin ƙashi na Igbobi duk suna da sashen tiyatar gyaran jiki. Idan asibitin kuɗi ne, ki tabbatar yana da rajista da HEFAMAA, hukumar jihar Legas mai sa ido kan asibitoci, likitan kuma yana da lasisin MDCN, hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, da shaidar ƙwarewa a wannan fanni daga kwalejin likitocin fiɗa ta Afirka ta Yamma ko kwalejin ƙasa da ke Ijanikin. Mai tarihin sankara ta sanar da likitan sankararta ma.

Ki tafi da katin silikon ɗinki, mai ɗauke da sunan kamfani, lambar samfuri, girmansa, da ko mai santsi ne ko mai kaushi. Idan a waje aka yi miki aiki kuma ba a ba ki ba, ki rubuta musu su turo hotonsa ta WhatsApp tare da rahoton tiyatar. Ki zuba duk abin da kike sha a leda ɗaya, har da jiƙo da kayan mata, ki ajiye a gaban likita. Ki ɗauki hoton ƙirjinki daga gaba da gefe sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ki adana a inda babu mai gani, domin sauyin da ido ya saba da shi hoto yana nuna shi. Idan kuwa maman ya yi ja, ya ɗauki zafi, ga zazzaɓi, ko ɗinki ya buɗe yana fitar da ruwa, kada ki jira ranar ganin likita, ki wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.